Masu Gaisuwar da Suka Ƙi Tashi

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, a sakatariya yake aiki, amma in aka cire kunun gyaɗa, ba abin da yake so a duniya kamar zanen katun ɗin Japan. Mutanen nan masu dara-daran idanu da gashi a tsaitsaye kamar an tsorata su. Yana zanawa da hannunsa, yana kuma tara na wasu. Wani zai zana a Yola ya ba direba, a kira shi ya je tasha ya karɓo, shi ma ya aika da nasa. Akwatin ƙarfe gare shi a ƙarƙashin gado, cike da takardun nan, kowace a cikin ledarta. A akwati suke zama saboda Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ta ce ranar da ya manna su a bango, mala'iku sun bar gidanmu, ita ma ta bi su.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Ni kuma ba mai fita ba ce. Tun da aka kawo ni unguwar Sintali a Jalingo nakan yi wata guda ban leƙa bakin titi ba, kuma ba hana ni aka yi ba, tsakar gidana nake so. Surutu dai Allah ya ba ni, in babu mutum da kaji ma ina yi.

Shi ya buɗe guruf a waya na masu tara irin wannan zane. Shekara shida yana riƙe da shi, shi kaɗai ne admin, wato mai ikon shigar da mutum da fitar da shi. Sun kai mutum tamanin. Akwai ɗalibai, akwai tela a Yelwa, akwai soja, akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Wukari da kowa ke kira Sista, wadda da ita aka fara tun suna su biyar. Doka biyu ce kawai. Duk zanen da ka sa, ka faɗi wanda ya zana shi. Baƙo kuma in ya shigo, kafin ya sa komai sai ya yi gaisuwa da muryarsa, ya faɗi garinsu da abin da yake tarawa.

Doka ta biyun nan saboda ni aka yi ta. Aji huɗu na yi a firamare, Turancin da suke rubutawa ba na gane shi, amma kunne ina da shi. In ya dawo daga ofis ya ci abinci, sai ya zauna kusa da ni ina ɓarar gyaɗa, ya ce, "Malama, ga baƙi, zo ki duba mana su." Sai ya kunna.

"Wannan fa?"

"Wannan kunya ce ke damunsa, bar shi, zai yi daɗin zama."

"Wannan?"

"Karantawa yake daga takarda. Wani ne ya rubuta masa. Sa masa ido."

"To wannan?"

"Kai, ai wanda ka cire ne da azumin bara, lamba ya canja. Ba ka ji yadda yake haɗiye miyau kafin ya ce to ba?"

Sai ya yi dariya har ya ƙware, ya ce da ni aka ɗauka aikin ɗan sanda da ɓarayin Jalingo sun koma noma. Ban cika yin kuskure ba. 'Yan guruf sun sani, har suna cewa baƙo ya gyara murya, Adda na saurare. Adda suke ce min, shi kuma Hamma, wato yaya mace da yaya namiji da Fulatanci.

Ciwon bai kai sati biyu ba. Wata Talata da hantsi, damina ta fara sauka, ya rasu. A cikin leda aka miƙo min wayarsa, tare da hularsa da takalmansa.

Na shiga takaba. Mata suna ta tausaya min zaman ɗaki na wata huɗu da kwana goma, ni kuwa zaman gida ba baƙona ba ne. Abin da ya zame min baƙo shi ne bakina da ya mutu. Ba kuka nake ba. Na so in yi, ya ƙi zuwa. A kawo abinci in ci, a ɗauke kwano. A ce in tashi a share wurin, in tashi. In aka ce ya haƙuri, in ce da godiya. Goggo ta dawo gidan da zama don ta taya ni, takan dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, ko zagina ki yi mana in san kina nan."

Wayar kuwa tana gefen tabarmata, tana ta ɓari ba ta hutawa. Ashe wani ɗan guruf ne, da kyakkyawar zuciya, ya sa sanarwar rasuwar a intanet, ya haɗa da linkin da ake dannawa a shigo, wai duk wanda ya san zanen Hamma ya zo ya yi wa iyalinsa ta'aziyya. Kafin sadakar uku mutum kusan sittin sun shigo. Babu wanda ya tsare ƙofa, don mai tsaron ƙofar an kai shi makwancinsa.

Da yawansu da murya suka yi gaisuwa, don tsofaffin guruf sun gaya musu ni ce ke riƙe da wayar, kuma ba na karatu sosai. Nakan kunna ɗaya bayan ɗaya in saurara. Kunnen yana nan yadda yake. Ina jin wanda gaisuwar ta fito daga cikinsa, ina jin wanda kallo ya zo. Amma ji ne kawai, a kunne yake tsayawa, ba ya gangarawa ko'ina.

A cikinsu akwai wani mai magana ta hanci, yana jan kalma kamar mai tallan magani a mota. Ya ce, "Allah ya jiƙan Oga, mun yi rashi, wallahi mun yi rashi." Tun kafin ya kai ƙarshe na san bai taɓa sanin maigidana ba, na kuma san fitina ce. Da a da ne, da na ce a sa masa ido. Sai na danna na ce, "Amin, na gode, Allah ya ba da lada." Abin da nake ce wa duk wanda ya shigo ɗakina ya durƙusa ke nan.

A nan kuskurena yake, kuma ban ɗauke shi kuskure ba a lokacin. A wurina mutanen nan masu gaisuwa ne. Sun zo gidan mutuwa, sun yi wa mijina addu'a. Tun ina yarinya ban taɓa ganin inda aka kori mai gaisuwa ba, ko mahaukaci ne sai a ba shi wuri a ba shi ruwa. To ta yaya ni, matar mamacin, zan sa yatsa in fitar da wanda ya ce Allah ya jiƙansa?

Bayan sadakar bakwai sai suka sake jiki. Wani ya fara tallan takalma. Wani yana turo hotunan da ko mijinki ba kya so ya gan ki kina kallo, in na gani sai in kifa wayar a kan tabarma. Wasu biyu suka kama musun ƙwallo tun safe har la'asar. Mai hancin nan kuwa shi ne uban tafiya. Zai zubo zane ashirin a tashi ɗaya, masu sheƙi, ya ce duk shi ya yi. Telan Yelwa ya ce masa wannan ai na'ura ce ta zana, ga yarinya da yatsu shida. Ya ce tela ya je ya ji da wandunan mutane. Wata ɗaliba ta sa zanenta na farko, ta yi kwana huɗu tana yi, sai ya saki murya yana dariya, wai hannun ne wannan ko rogo. Ba ta ƙara sa komai ba.

In mutum ya fita daga guruf, wani ɗan siririn rubutu yake fitowa a tsakiya. Ba na iya karanta shi, amma na san siffarsa. Na fara ganinsa ɗaya a rana, sai biyu, sai biyar. Kuma ba baƙin ne ke fita ba. Mutanen Hamma ne, waɗanda na san muryoyinsu shekara da shekaru, waɗanda na san sunan 'ya'yansu. Ina kallo gidan da ya gina yana zubewa ta gefe, na san abin da ke faruwa sarai, kamar yadda mutum ke sanin ana ruwa a waje.

Wata safiya mai hancin ya sa wani zane. Yarinya ce a tsaye a kan dutse, iska na kaɗa gashinta, da takobi a hannu. Ya ce aikinsa ne na bara. Maigidana yana da alama da yake sa wa duk zanensa, ɗan tudu da ɗigo uku a kusurwar ƙasa. An yanke kusurwar. Amma a gefen ƙafar yarinyar akwai wani ɗan tabo, kuma na san tabon, don ni na yi shi. Kunu na kawo masa yana zanen, kofin ya ɗiga. Ya yi kwana biyu yana min tsiya a kai.

Na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na nemo takardar, na zare ta daga leda. Ga tudun, ga ɗigo uku, ga tabon. Na duba na duba. Na mayar, na rufe akwatin, na tura shi wurinsa. Goggo ta kira ni cin abinci, na je na ci.

Da azahar Sista ta kira. Ita a Hausarta kowa kai ne, mace da namiji, kuma ba ta iya kwana-kwana ba.

"Adda, ka gani?"

"Na gani."

"To me kake jira? Kai ne admin yanzu. Cire shi. Cire su duka."

"Sista, gaisuwa suka zo."

"Wane gaisuwa? Wata ɗaya! Mai gaisuwa ne yake satar kayan mamaci? A wurinmu da tuni matasa sun ɗaga shi sun ajiye a bakin hanya."

"Ya yi masa addu'a."

"Addu'an banza! To ba ni admin, ni zan yi. Ba ruwanka, ka rufe ido kawai."

Ba wai ban yarda da ita ba. Amma in na ba ta ta kore su, ai ni na kore su, hannu kawai na ara. Ga shi kuma wayar yadda ya bar ta take, ban taɓa komai a ciki ba, ko hoton fuskarta ban canja ba.

"Adda, kana ji na?"

"Ina ji."

"Shekara shida fa. Ni da Hamma muka fara abin nan. Ba zan zauna ina kallo ana fitsari a kai ba."

Na ce Allah ya ba da haƙuri. Ta ja numfashi, na ji tana so ta ƙara magana, sai wani ya kira ta a wurin aiki ta kashe. Washegari na ga siririn rubutun da lambarta a jiki. Na san lambar, ƙarshenta bakwai uku ne a jere. A ranar mutum tara suka bi bayanta.

Haka muka kai sadakar arba'in. Aka toya wainar masa da ƙosai, aka yi addu'a, jama'a suka watse. Amma akwai wata tsohuwa, dangin nesa daga wajen Abbare, da ta zo tun ranar jana'iza ba ta koma ba. Kwana arba'in tana ɗakin baƙi, tana aiken 'ya'yan maƙwabta, tana ƙorafin gishiri ya yi yawa a miya, har ta fara tambayar wa zai gaji katifar da take kwana a kai. Ba wanda ya ce mata ko kala.

Ina zaune a ƙofar ɗakina da yamma na ga Goggo ta ƙulla sauran masar a leda, ta ɗora ƙullin garin kunu da sabulu biyu. Ta shiga ɗakin baƙi da fara'arta, na ji tana cewa, "Yaya, kin yi zumunci, wallahi kin yi. Allah ya ba da lada, Allah ya bar kowa da nasa. An bar gida ba kowa tun tuni saboda mu, mun gode. Ki gaishe min da su duka." Kafin tsohuwar ta buɗe baki, Goggo ta riga ta ɗauki jakarta ta yi gaba. Har bakin ƙofa ta raka ta, ta tsayar mata da keke, suna ta yi wa juna addu'a.

Da ta dawo na ce, "Goggo, korar ta kika yi?"

Ta ce, "A'uzubillahi! Wa yake korar mai gaisuwa? Sallamar ta na yi. Wanda bai san lokacin tashi ba, ai sai a taimake shi."

Wannan ce tambaya ta farko da na yi mata tun rasuwar, har ta tsaya tana kallona. Na ce mata ina da wasu baƙin a waya da suke buƙatar sallama, kuma yawancinsu maza ne. Ta ɗan ɓata fuska, don ba ta son mai takaba tana magana da maza. Ta yi tunani, ta ce, "Godiya ce ai, ba hira ba. Ki taƙaita."

Da safe na fito da akwatin tsakar gida inda haske yake. Ba a sallamar baƙo hannu rabbana, ni kuma ba ni da masar da za ta shiga waya. Sai na riƙa zaro zanen maigidana ɗaya-ɗaya ina ɗaukar hotonsa, da kusurwar a ciki. Kowane baƙo na bi shi ta gefe, ba a gaban jama'a ba, na tura masa zane ɗaya, na ce, "An yi arba'in jiya. Na gode da zuwa, Allah ya ba da lada, ga wannan ka riƙe don tunawa da shi. Allah ya mai da kai gida lafiya. In kana da sha'awar zama da mu, ka nemi lambar nan ka yi gaisuwa irin ta 'yan gida." Sannan in koma guruf in danna lambarsa in riƙe, in taɓa jan rubutun. Ba wanda ya koya min. Na sha ganin babban yatsan maigidana yana yi.

Kwana uku na yi ina wannan aiki, don ba na son in haɗa mutum biyu a gaisuwa ɗaya. Wasu suka ce amin. Wasu ba su amsa ba. Mai tallan takalma ya ce in ina buƙatar silifas in tuna da shi.

Mai hancin na bar shi ƙarshe. Shi yarinyar nan mai takobi na ɗauka na tura masa, cikakkiya, na yi masa godiya kamar kowa. Nan da nan ya saki murya.

"Hajiya, ban gane ba. Cire ni za ki yi? Me na yi? Guruf ɗin gadonki ne?"

Na ce, "E, gado ne. Ka gaida gida."

Ya sake turo wasu guda huɗu dogaye. Ban kunna ba. Na danna, na riƙe, na taɓa jan rubutun. Na zaci zan ji wani abu, ko sanyi ko zafi. Yatsana dai ya ɗan yi tsami. Telan Yelwa ya yi min bayani da murya yadda ake kashe tsohon linki, na kashe.

Da na ƙirga waɗanda suka rage, mutum ashirin da uku ne har da ni. Cikin baƙin, huɗu suka dawo suka yi gaisuwa yadda ake yi, na saurara, na shigar da uku.

Sai na kira Sista. Na ce mata gida ya yi tsabta, ta dawo, ta kuma kira sauran.

Ta ce, "Adda, ka yi latti. Mun buɗe wani tun sati biyu. Mutane sun zauna, sun saba. In na ce su sake tashi, ba za su tashi ba."

"Na sani."

"Ba fushi ba ne fa."

"Na sani, Sista."

Ta tambaye ni ko ina cin abinci, na ce ina ci. Ta ce ruwa ya cinye musu hanyar asibiti, sai da ta cire takalmi ta ratsa. Na ce mu ma nan kogin Mayo Gwoi ya cika, haka masu shigowa suke faɗa. Ta ce in ta shigo Jalingo za ta zo ta gan ni, za ta kawo min doya. Ta zo kuwa, bayan na fita takaba, ta kawo doyar, muka yi hira har la'asar. Maganar guruf ba wadda ta ɗauko.

Mutum biyar ne suka dawo daga cikin waɗanda suka fita. Ɗalibar nan ba ta dawo ba, na kira ta sau biyu ba ta ɗauka ba. Guruf ɗin yana nan har yau, ba a faɗa, ba a zagi, wani lokaci sai a kwana uku ba wanda ya ce uffan. Ranar Alhamis da ta wuce sojan nan ya sa wani zane da ya yi a inda aka tura shi aiki, wani tsoho da kyanwa a kafaɗa. Tun safe yake nan ba wanda ya tanka. Da na idar da sallar la'asar na ɗauki wayar na ce masa na gani, kyanwar ta yi kyau, amma kunnen tsohon na hagu ya fi na dama girma. Ya ce zai gyara.